Fatawa: Wanda Ba Shi da Abin Hannu, Da Me Zai Yi Sadaka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matuƙin Adaidaita Sahu ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Babur ɗin ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kullum da daddare. In na cire balas da kuɗin mai da na cefane, wata rana ko na sabulu ba ya raguwa. Duk sanda aka tashi neman taimako a masallacinmu, na gyaran rufi ne ko na marayu, sai in sunkuyar da kai har a gama zagayawa. Na taɓa jin cewa murmushi ma sadaka ne, amma wani abokina ya ce wannan lallashin talaka ne kawai, sadaka ta gaskiya sai da abin hannu. Shin haka ne? Sannan nakan ɗauki tsofaffi da 'yan makaranta kyauta in hanyarmu ɗaya. Ina da lada, ko haƙƙin mai babur nake ci? Ta ƙarshe, mahaifiyata ta rasu bara, har yau ban iya yi mata sadaka ba. Me zan yi da zai isa gare ta?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta, ya buɗa maka ta halal.

Ɗan'uwa, wannan ƙuncin da kake ji lokacin da ake zagayawa da jakar taimako, an riga ka jin sa, kuma waɗanda suka riga ka sun fi mu daraja. A shekara ta 9 bayan hijira, da ake shirin yaƙin Tabuka, wasu sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) ya ba su abin hawa, ya ce ba shi da shi. Allah ya ba da labarinsu a Suratut Tauba, aya ta 92, cewa sun juya idanunsu na zubar da hawaye don baƙin cikin ba su sami abin da za su ciyar ba. Allah bai zarge su ba, ɗauke musu laifi ya yi. Saboda haka zuciyar da take jin zafin rashin bayarwa tana da rai, ka gode wa Allah a kanta.

Maganar abokinka kuskure ce. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Zarr cewa wasu sahabbai sun ce: ya Manzon Allah, masu dukiya sun tafi da lada, suna salla kamar yadda muke yi, suna azumi kamar yadda muke yi, kuma suna sadaka da rarar dukiyarsu. Ka ga tambayarka ce sak. Sai Annabi (SAW) ya ce musu: ashe Allah bai sanya muku abin da za ku yi sadaka da shi ba? Kowane tasbihi sadaka ne, kowace kabbara sadaka ce, kowace hamdala sadaka ce, kowace hailala sadaka ce, umarni da kyakkyawa sadaka ne, hani daga mummuna sadaka ne, har kusantar da ɗayanku zai yi wa iyalinsa sadaka ce. Annabi (SAW) ba ya faɗar abin da ba haka yake ba don ya kwantar wa wani da hankali, ko da wasa yake gaskiya yake faɗa. Wanda ya ce lallashi ne, bai lura da inda maganarsa za ta kai shi ba. Kuma ba a wuri ɗaya maganar ta zo ba. Bukhari ya ruwaito daga Jabir, Muslim daga Huzaifa, cewa duk wani aikin alheri sadaka ne. Hadisin murmushin da ka ji kuwa yana wajen Tirmizi daga Abu Zarr, kuma ya fi yadda mutane suke yanko shi tsawo. Bayan murmushi a fuskar ɗan'uwa, ya ambaci nuna hanya ga wanda ya ɓata, da zame wa mai raunin gani ido, da kawar da dutse da ƙaya da ƙashi daga hanya, da juye ruwan gugarka a gugar ɗan'uwanka.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne, shari'a ba ta ɗauki wannan sadakar a matsayin ta talaka shi kaɗai ba. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kowace gaɓa ta jikin mutum akwai sadaka a kanta a duk ranar da rana ta fito. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa gaɓoɓin 360 ne. Attajiri da mai dako duk da wannan bashin suke wayar gari, domin godiyar lafiyar jiki ce. Sai Annabi (SAW) ya jero abin da ake biya da shi: ka daidaita tsakanin mutum biyu, ka taimaki mutum ya hau dabbarsa ko ka ɗora masa kayansa a kanta, kyakkyawar magana, kowane taku zuwa salla, da gusar da abin cutarwa daga hanya. Babu ko kwabo a cikin jerin nan. A wata ruwayar ta Muslim an ce raka'a biyu na walaha suna isar wa mutum. Kai da kake fita da sassafe, in ka sauke 'yan makaranta hantsi ya ɗaga, tsayuwar minti biyar a bakin wani masallaci ba za ta hana ka balas ba.

Ka dubi wannan jumlar da kyau, ta taimakon mutum ya hau dabbarsa da ɗora masa kaya. Sana'arka ce aka ambata. Tsohuwar da ta fito daga kasuwar Rimi da buhun gawayi ko ƙullin kayan miya, kana iya zama a kan kujerarka ka jira ta gama kokawa da shi, kana iya saukowa ka ɗaga mata, ka riƙe mata hannu ta shiga, in kun isa ka sauke mata har bakin zaure. Kuɗin motar da za ta biya ɗaya ne a duka biyun, amma a na biyun an rubuta maka sadaka. Baƙon da ya sauka a tasha yana neman asibiti, ka kwatanta masa hanya ta gaskiya ko da ba kai za ka kai shi ba. Makahon da yake tsaye a bakin titi motoci sun hana shi tsallakawa. A wuni guda irin waɗannan ƙofofin suna buɗe maka fiye da yadda suke buɗe wa mai zama a ofis.

Ibnu Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan hijira, da yake sharhin hadisin Abu Zarr ya kasa sadakar da ba ta dukiya ba gida biyu. Akwai wadda amfaninta yake tsayawa ga mai yin ta, kamar zikiri da tafiya masallaci. Akwai wadda amfaninta yake ƙetarawa zuwa ga bayin Allah, kamar koyar da ilimi da sulhu da kawar da cuta, ya ce wannan wani lokaci takan fi sadakar dukiya. Wannan magana gaskiya ce, kuma muna ganin ta da idonmu. Akwai wani dattijo a unguwar da na tashi, ban taɓa ganin ya miƙa wa kowa kuɗi ba, domin shi ma da ƙyar yake ci. Amma duk shekara in hadarin farko ya fara haɗowa, za ka gan shi ya naɗe ƙafar wando, ya shiga kwatar layinmu da shebur, yana fito da leda da yashi yana tarawa a gefe. Babu wanda ya sa shi, wasu ma toshe hanci suke yi su wuce. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ruwa ya shiga gidaje da yawa, katangar wata bazawara ta faɗi. A lokacin ne mutane suka gane abin da shebur ɗinsa yake tare musu. Duk sanda na karanta hadisin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanya Allah ya gode masa ya gafarta masa, wannan dattijon nake tunawa. Haka masu haƙa kabari ba tare da an biya su ba, da matan da suke kwana wajen jinyar maƙwabciya, da wanda yake zirga-zirga tsakanin 'yan'uwa biyu da suka yi shekara ba sa ga-maciji har ya shirya su. Allah ya haɗa sulhu da sadaka a aya ɗaya, ta 114 a Suratun Nisa'i.

Har aron kayan gida yana ciki. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa a zamanin Annabi (SAW) suna lissafa aron guga da tukunya cikin “ma'un”, wato abin da Allah ya zargi masu hana shi a Suratul Ma'un. Ka gaya wa maiɗakinka wannan, domin turmi da rariya da take ba maƙwabta aro ba a banza suke fita ba.

Sai dai akwai iyaka, kuma wajibi ne in faɗe ta, don kada mai hali ya karanta wannan amsa ya samu mafaka. Waɗannan ayyuka sadaka ce ta nafila, ba sa sauke haƙƙin da Allah ya ɗora a kan dukiya. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi ta shekara, sai ya fitar da ɗaya cikin arba'in, ko da ya wuni yana tasbihi. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi sai ya fitar da zakkar hatsi. Zakkar fidda kai sa'i ne na abinci a kan wanda yake da rarar abincin ranar idi. Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba Allah da kansa ya faɗi madadinta a Suratul Ma'ida, azumin kwana uku, bai bar mu mu zaɓi wani abu ba. Wanda ya yi bakancen zai ba da kuɗi, kuɗin zai bayar. Kuma mai wadatar da maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, ya tare shi da fara'a da safe ya ce ya yi sadaka, ya yaudari kansa. Mai jin yunwa abinci yake buƙata, kyakkyawar magana tana zama madadi ne ga wanda ya rasa abin bayarwa. Haka tsarin ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim: ku kare kanku daga wuta ko da da tsagin dabino ne, wanda bai samu ba to da kyakkyawar kalma.

Wannan hadisin yana da saƙo gare ka kai ma. Tsagin dabino aka ce, ba buhu ba. Kada Shaiɗan ya sa ka raina naira hamsin ranar da ka same ta. Abu Mas'ud ya ce lokacin da aka umarce su da sadaka dako suke yi a kasuwa, su ɗauki kaya a bayansu su sami abin da za su bayar, munafukai suna yi musu izgili, har Allah ya saukar da aya ta 79 a Suratut Tauba yana kare su. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa dirhami ɗaya ya tsere wa dirhami dubu ɗari, domin mai shi biyu gare shi ya ba da ɗaya. Sannan ka daina cewa ba ka taɓa sadaka da kuɗi ba. Cefanen da kake kaiwa gida kullum, in ka yi shi kana neman lada, sadaka ne da nassin hadisin Bukhari da Muslim. A ruwayar Muslim ma an jera dinarin da aka kashe a tafarkin Allah, da na 'yanta bawa, da na miskini, da na iyali, aka ce na iyali ya fi lada. Kwanon masarar da kake aunowa da daddare yana cikin wannan.

Game da ɗaukar mutane kyauta, hukuncin yana bin irin yarjejeniyar da ke tsakaninka da mai babur. Yadda ka kwatanta, kuɗi ne sananne kake kai masa kullum, ka samu da yawa ko kaɗan. Wannan haya ce, kuma wanda ya yi hayar abu amfaninsa ya zama nasa a tsawon lokacin hayar. Kujerar da ka ba tsohuwa kyauta taka ce ka bayar, ba ka ci haƙƙin kowa ba, matuƙar kana cika masa balas ɗinsa, ba ka yi wa babur ɗin lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma ba ka saɓa wani sharaɗi da kuka yi ba, kamar ya ce kada ka fita wajen gari. Amma da a ce tsarinku shi ne duk abin da aka samu ka kai masa ya ba ka kaso ko albashi, to kowace kujera yana da haƙƙi a cikinta, sai ka nemi izininsa. Sau ɗaya ya isa, ka ce masa: Alhaji, nakan rage wa tsofaffi hanya, ka yarda? In ya yarda kun yi tarayya a ladan. In ya ƙi, ka bari, ko ka biya kasonsa daga aljihunka. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, ba a yin kyauta da kayan wani.

Ka kiyaye abu biyu a nan. Kada tausayin 'yan makaranta ya sa ka cusa yara takwas ko goma a babur ɗin da aka yi don mutum uku ko huɗu, wasu a gefenka wasu suna reto. Wannan kasada ce da rayukan 'ya'yan mutane, kuma in wani abu ya faru kyakkyawar niyya ba za ta ɗauke maka alhaki ba. Kuma kada kyautar ta kai ga taɓa abincin gidanka, domin Annabi (SAW) ya ce ka fara da waɗanda kake ciyarwa. Abin da kake yi na ɗaukar wanda hanyarku ta zo ɗaya shi ne daidai.

Akwai kuma wata sadakar da masu sana'arku suka fi kowa buƙatar a tuna musu da ita. A hadisin Abu Musa, Annabi (SAW) ya ce akwai sadaka a kan kowane Musulmi. Aka ce in bai samu ba fa? Ya ce ya yi aiki da hannunsa ya amfani kansa ya yi sadaka. Aka ce in bai iya ba? Ya ce ya taimaki mabuƙacin da yake cikin matsi. Aka ce in bai iya ba? Ya ce ya yi umarni da alheri. Aka ce in bai yi ba? Ya ce ya kame daga sharri, wannan sadaka ce gare shi. Ranar da wani ya goge ka a shataletale, ashar ta zo bakinka ka haɗiye ta don Allah, ka yi sadaka. Ranar da aka yi ruwa ka rage gudu don kada ka watsa wa masu tafiya a ƙasa taɓo, ka ƙi bin hannun da ba naka ba, ka ƙi tsayawa tsakiyar titi ɗaukar fasinja, duk kamewa ce daga cutar da mutane. Sharaɗin shi ne niyya, ka bari don Allah, ba don ka hango jami'an hanya ba. Amma wayar da fasinja ya manta ka mayar masa, wannan amana ce ta wajibi, kada ka lissafa ta cikin kyauta, ko da yake akwai lada a kanta.

Kuma gori yana ɓata wannan sadakar kamar yadda yake ɓata ta kuɗi. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 263, kyakkyawar magana da yafiya sun fi sadakar da cutarwa take biyo bayanta. In ka ɗauki dattijo kyauta, kada ka sanar da sauran fasinjoji, kada kuma ka sa shi ya yi ta godiya har ya ji nauyi. In ya miƙo kuɗi ka ce a hankali: Baba, bar shi, ka sa mana albarka. Ka ja babur ɗinka.

Sai maganar mahaifiyarka. Mafi girman abin da za ka aika mata ba ya buƙatar kuɗi, kuma malamai ba su yi saɓani a kan isarsa ba, wato addu'a da nema mata gafara. A hadisin Muslim, cikin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa har da ɗa nagari da yake yi wa mahaifinsa addu'a. Ka sanya mata wani lokaci da ba ka tsallakewa, a sujada ko bayan sallar asuba. Sannan ka riƙe mutanenta. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da aka yi masa magana ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sadar da masoyan mahaifinsa. In tana da ƙanwa ko yaya a raye, Annabi (SAW) ya ce 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Ka je ka gaishe ta, in tana da ranar asibiti kai da babur a hannunka. In akwai bashi a kan marigayiyar, ko wani da ta ɓata wa, ka bi sawu a warware. Kada kuma ka ci bashi don ka tara mutane a ci abinci da sunan sadakarta, ba a ɗora maka wannan ba.

Sadakar dukiya ga mamaci tana isa, Bukhari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Ubada ya ba da gonarsa sadaka a madadin mahaifiyarsa da izinin Annabi (SAW), kuma shari'a ba ta yanka mata mafi ƙaranci ba. Kyautar da ladan ibadun jiki zalla, kamar nafilar salla, a nan ne malamai suka yi saɓani. Hanafawa da Hanbalawa sun faɗaɗa, abin da ya shahara a mazhabar Malik da ta Shafi'i kuwa taƙaitawa ne. Abin da nake gani a mas'alarka shi ne, kujerar da kake bayarwa kyauta ba ta shiga wannan saɓanin ba, domin amfani ne mai ƙima, kuɗin mota ne da ya kamata ya shigo aljihunka ka yafe shi, kuma man da aka ƙona naka ne. Ta fi kusa da sadakar dukiya. Saboda haka in ka tsaya wa wata tsohuwa a bakin titi, ka ƙudurta a zuciyarka kafin ta shiga cewa wannan sadaka ce ga mahaifiyarka, ba sai ka furta ba, kuma muna kyautata zaton Allah zai isar mata, kai ma ba zai hana ka ladan biyayya ba.

Wallahu a'alam.